Ɗan Takarar Da Ba Shi Da Jam'iyya: Wa Ya Tsaya Masa?

 

A makon jiya, cikin shirin kiran waya da nake gabatarwa da dare a gidan rediyonmu, wani Alhaji mai safarar albasa ya bugo ya ce shi kam tun ranar da aka rushe jam'iyyun siyasa a Nijar, cikin watan Maris na 2025, abin da ya ce shi ne Allah raka taki gona. Ya ƙara da cewa duk ranar da Allah ya nufa aka koma zaɓe, roƙonsa ɗaya ne, kada a sake kawo mana tutar wata jam'iyya, a bar kowane ɗan takara ya tsaya da ƙafarsa mu dube shi ido da ido, in ya yi mana mu saya, in bai yi ba mu ƙara gaba. Kafin in rufe shirin waya ta yi ta shigowa, kuma mafi yawan masu bugowa bayansa suka bi. Ban ja da shi ba a daren, domin minti biyun da muke ba mai kira ba su isa a warware wannan magana ba. Shi ya sa na ɗauko alƙalami. Kuma in faɗa tun yanzu, rabin maganar Alhaji gaskiya ce tsantsa. Ɗaya rabin ne yake ba ni tsoro.

Ba sai mun wahalar da kanmu zuwa ƙasashen Turawa neman misali ba, ga shi nan tsallaken kogi. A duk maƙwabtanmu babu inda ɗan takara mai zaman kansa, wanda muka saba kira indifanda, ya ci kasuwa kamar Jamhuriyar Benin, ƙasar da shinkafarmu da atamfarmu da motocinmu na gwanjo suka daɗe suna sauka a tasharta ta Kwatano. Bayan taron ƙasa na 1990, Soglo, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya, ya kayar da Janar Kereku a zaɓen 1991, kuma jam'iyyar RB da aka san shi da ita sai a 1992 matarsa ta kafa ta. Kereku ya dawo a 1996. Tsawon shekara goma sha biyar, in an buga gangar zaɓe a Benin manyan sunaye huɗu ake ji: Kereku, Soglo, Hungbeji da Amusu. Yau wannan yana tare da wancan, gobe sun ɓata, jibi sun shirya. Hungbeji da ya zo na uku a 1996 ya mara wa Kereku baya, aka ba shi kujerar firaminista, bayan shekara biyu ya ajiye. Amma abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na 2001, inda Soglo da ya zo na biyu ya ce an yi maguɗi ba zai shiga zagaye na biyu ba, Hungbeji na uku shi ma ya ƙi, sai aka ɗauko Amusu na huɗu, wanda minista ne a gwamnatin Kereku kuma ya riga ya nemi magoya bayansa su zaɓi Kereku, aka ce wai shi ne abokin karawa. Mutanen Benin da kansu suka laƙaba wa wannan zagaye suna wasan sada zumunci.

Babu ɗan kasuwar da bai san irin wannan ba. Ka shigo kara da shanunka, dillalai huɗu sun haɗa baki tun da asuba, wannan ya taya, wancan ya kushe, na uku ya zo kamar mai ceto ya ƙara maka jika biyu, alhali da yamma tare za su raba la'ada a bayan rumfa. To ranar da wani baƙon mai saye ya sauko daga mota da kuɗinsa a aljihu, ba ka tsayawa tambayar asalinsa ko wa ya haife shi. Sallama masa za ka yi, ko da bai fi su tayi sosai ba, don kawai dillalan nan su san kai ma kana da wurin zuwa.

Wannan baƙon shi ne Yayi Boni a 2006. Tsarin mulkin Benin ya hana wanda ya wuce shekara 70 tsayawa, don haka Soglo ya fita, Kereku ma ya fita, ga shekaru ga kuma wa'adi biyu da ya cika. Mutum 26 suka shiga takara. Yayi Boni bai taɓa zama ɗan majalisa ko magajin gari ba, tun 1994 yana Lome yana shugabancin Bankin Raya Afirka ta Yamma, wato BOAD. Ba shi da jam'iyya, sai ƙungiyoyin magoya baya da ƙananan jam'iyyu da suka yi masa rumfa. Lokacin ina sabon shiga aikin rediyo, in na tsallaka gada zuwa Malanbil nakan ga alamarsa manne a rumfuna da jikin kabu-kabu, wato hoton wuri. Ga yaranmu da ba su tarar da shi ba, wuri shi ne kuɗin kakanninmu, kalmar kuɗi ma kanta jam'in wuri ce. Wanda ya zaɓa masa wannan alama ya san da wa yake magana. A zagayen farko, ranar 5 ga Maris, ya samu kashi 35 da ɗoriya cikin 100, Hungbeji ya samu 24. A zagaye na biyu Yayi ya tashi da kusan kashi 75.

Shin mutanen Benin sun san shi ne har suka ba shi uku cikin huɗu na ƙuri'unsu? Ko kusa. Waɗancan huɗun suka sani, kuma sanin ne ya kore su. Ni a ganina wannan shi ne babban dalili a ko'ina: ba son baƙo ne ke kai mutum akwatinsa ba, haushin 'yan gida ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Talaka ba shi da kotun da zai kai jam'iyyar da ta yi masa alkawarin rijiya ta ba shi hula, ba shi da jaridar da zai buga kukansa. Sandarsa ɗaya ce, kuma sau ɗaya a shekara biyar ake miƙa masa ita. In ya ga cewa ko ta dama ya buga ko ta hagu duk aljihu ɗaya ne, to zai nemi na uku.

Bayan haushi kuma akwai farar riga. Wanda bai taɓa riƙe mulki ba bai ci bashin kowa ba, don haka kowa sai ya ɗinka masa rigar da yake so ya gani a jikinsa. Direban babbar mota yana ganin shi ne zai kwashe shingayen da ke tsakanin Kwatano da Malanbil, mai tallar kifi tana ganin shi ne zai ba ta jari, malamin makaranta yana ganin albashi zai riƙa fita a kan kari. Ɗan jam'iyya ba ya samun wannan gata, domin da ya buɗe baki za a tuna masa da abin da ubangidansa ya yi shekara goma da suka wuce. Sannan jam'iyyunmu, mu faɗi gaskiya, kowace da garin da aka yanke mata cibi. Da an ambaci sunanta an san yankinta. Shi kuwa Yayi ɗan Cawuru ne, kudu da Faraku, a gidan Musulmi aka haife shi, daga baya ya zama Kirista, matarsa kuma 'yar Wida ce a can bakin teku. Ɗan arewa ya ce namu ne, ɗan kudu ya ce surukinmu ne. Babu jam'iyyar da za ta iya haɗa wannan.

Abin da ya faru a 2016 ya ma fi ban mamaki. Manyan jam'iyyu uku na ƙasar, wato FCBE ta Yayi Boni, PRD ta Hungbeji da RB ta gidan Soglo, suka haɗu a bayan firaminista Lionel Zinsu. In a takarda ne, zaɓe ya ƙare tun ba a fara ba. To amma cikin 'yan takara 33 akwai attajirai biyu da ba su da jam'iyya. Ɗaya Patrice Talon, mai auduga. Ɗayan Sebastien Ajabon, wanda ake kira sarkin kaji, kuma duk wanda ya san harkar ƙanƙararrun kaji da talo-talo da ake saukewa a Kwatano ana tsallakawa da su Najeriya ya san wannan suna. A zagayen farko Zinsu ya samu kashi 28, Talon kusan 25, Ajabon 23. Wato 'yan kasuwa biyu marasa tuta sun kwashe kusan rabin ƙuri'un ƙasa. Ajabon ya mara wa Talon baya, ranar 20 ga Maris Talon ya ci da kashi 65. Shugabannin jam'iyyun nan uku sun sayar wa Zinsu kayan da babu su a sito. Sun ɗauka ƙuri'un magoya bayansu buhunan masara ne da za a ɗora a mota a kai inda aka ce. Ga shi kuma Zinsu a Faris aka haife shi, can ya yi yawancin rayuwarsa, abokan hamayya suka yi ta kiransa ɗan takarar Faransa, har shi tsoho Soglo ya ƙi bin jam'iyyar gidansa a kan wannan zaɓi.

A nan ne wata magana ta fito wadda na san tana da daɗi a kunnen 'yan kasuwa, cewa mai kuɗi ya riga ya ƙoshi, ba zai yi sata ba. Na ji ta a Malanbil a 2016, na sake jin ta a bakin 'yan uwanmu masu zuwa Legas a 2023 game da Peter Obi, wanda shi ma yakan gabatar da kansa a matsayin ɗan kasuwa. Ko a Amurka, a 1992, wani attajiri mai suna Ross Perot ya tsaya ba jam'iyya ya samu kusan kashi 19, ko da yake bai ci jiha ko ɗaya ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mutumin da ya taɓa biyan ma'aikata daga aljihunsa, wanda ya san abin da kwana ɗaya na kwantena a tasha yake ci, ya fi kusa da ciwonku fiye da wanda tun fitowarsa makaranta yake ofis. Sai dai ina tambayarku, ku da kuka fi ni sanin kasuwa: a cikinku wa ya taɓa ganin Alhajin da ya ce riba ta ishe shi, ya rufe kanti da rana tsaka? Ni dai a shekarun da na yi ina yawo da rikoda a kasuwannin nan ban gamu da shi ba.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba, wanda ba a zuciyar mai zaɓe yake ba, a cikin doka yake. A ƙasashenmu masu zagaye biyu, ƙuri'ar farko tayi ce, ba a sallama ba tukuna. Kana iya ba wanda ranka yake so ko da ka san ba zai kai ba, domin za a dawo a sake tambayarka. Ƙari a kan haka, wanda ya zo na uku shi ne kowa ke zuwa gaisarwa da dare. Mu a Nijar mun ga wannan har mun haddace. A 1993 Tanja Mamadu ya zo na ɗaya da kashi 34, amma Mahamadu Isufu da Adamu Jarmakwai, kowannensu da kashi 15 da ɗoriya, suka koma bayan Mahaman Usman, shi ya hau. A 1999 Usman ne ya zo na uku, ya mara wa Tanja, ya zama shugaban majalisa. A 2011 Hama Amadu ya zo na uku da kusan kashi 20, ya mara wa Isufu, shi ma ya zama shugaban majalisa, kafin su raba gari a 2013. Don haka wanda ya jefa wa na uku ƙuri'a a Damagaram ko a Doso ba wawa ba ne, ya san jari yake tara wa mutuminsa, wanda zai zauna a ce masa nawa, ya ce albarka, har sai an kai farashin da yake so. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin da ba a tambaya shi ne, in an sallama, nawa ne ke isowa ga mai ƙuri'ar.

A Najeriya lissafin dabam ne. A zaɓen 2023 tsarin mulkinsu bai yarda da indifanda ba, sai da jam'iyya, shi ya sa wanda manyan jam'iyyu suka rufe wa ƙofa yakan nemi wata ƙarama ya shiga, kamar mai hayar rumfa ranar kasuwa. Obi ya shiga Labour, Rabi'u Musa Kwankwaso ya shiga NNPP. Kuma a can wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ci, muddin ya samu kashi 25 a biyu cikin uku na jihohi. Tinubu ya samu miliyan 8 da dubu 800 ba kaɗan, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6 da dubu 100, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi, wanda kusan miliyan ɗaya daga Kano kaɗai ta fito. Atiku da Obi da Kwankwaso dukkansu daga gidan PDP suka fito, kuma in ka haɗa nasu ya haura miliyan 14. Da a Benin ne ko Nijar da an je zagaye na biyu an zauna ciniki. A can kuwa kowa ya tashi da nasa. Duk da haka ban yarda da masu cewa ɗan jar hula a Kano ya zubar da ƙuri'arsa ba. Ya san ba za a kai Abuja ba. Abin da yake so shi ne a ƙirga shi, a san yawansu, kuma bayan makonni uku wannan yawan ne ya ba su kujerar gwamnan Kano. Wani lokaci mutum yana jefa ƙuri'a ne don ya ce ga ni nan.

Kada in manta da waya. A da jam'iyya ce kaɗai hanyar shiga ƙauye, ita ke da motar kamfe da mai goro da mai raba atamfa da sukari. Yanzu saƙon murya ɗaya a WhatsApp kafin la'asar ya zagaye kasuwanni goma. Wannan ya rage wa jam'iyyu kwarjini ƙwarai. Sai dai saƙon murya ba ya zama a rumfar zaɓe ya tsare akwati har a gama ƙirga.

To duk wannan na yarda da Alhaji. Yanzu ga inda muka rabu.

Iyayenmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, da waɗanda har gobe suke kai shanu da albasa kudu, sun san abin da ake kira mai gida a zango. Baƙon falke ba ya sauka a kasuwa haka kawai. Gidan mai gida yake sauka, shi ke ba shi masauki, shi ke nemo masa mai saye, kuma in an ba da kaya bashi shi ne ya tsaya. In mai saye ya gudu, ƙofar mai gida ake bugawa, shi kuma ba ya gudu, domin gidansa da sunansa a nan suke. Jam'iyya, duk lalacewarta, irin wannan mai gidan ce. Ta san in ɗan takararta ya ci amana, ita za a kama a zaɓe mai zuwa, ko da shi ya tafi. MNSD ta ɗanɗana kuɗar tazarcen 2009 a zaɓen 2011, PDP ta ɗanɗana tata a 2015. Shi kuwa indifanda, in ya cuce ka, ƙofar wa za ka buga?

Kuma kada a ruɗe mu, babu ɗan takarar da ba shi da mai gida. Akwai dai wanda nasa yake a fili da wanda nasa yake a ɓoye. Kamfe kuɗi yake ci, man mota, fastoci, wakilai a dubban rumfuna. Wanda ba shi da jam'iyya wani ne yake biya masa. A Benin ba sirri ba ne cewa Talon yana cikin manyan waɗanda suka ɗauki nauyin kamfen ɗin Yayi Boni a 2006 da 2011. A 2011 kamfanin Talon, Benin Control, ya samu aikin tantance kayan da ke shigowa tashar Kwatano, wato ƙofar da kayanku ke bi. A 2012 aka ƙwace aikin, abota ta koma gaba, har aka zargi Talon da shirya sa wa shugaban ƙasa guba, ya tsere Faransa, sai a 2014 aka yi masa afuwa, a 2015 ya dawo. Bayan ya hau mulki, a 2017, aikin tantance kaya ya koma hannun wannan kamfani. Mai tallar kifin da ta jefa wa wuri ƙuri'a a 2006 ba ta san da wannan lissafi ba, ba kuma wanda ya tambaye ta.

Ba ina cewa Yayi bai yi komi ba. Ya soke kuɗin makarantar firamare a 2006, ya kawo ƙaramin bashi na jika talatin ga mata, ya sa aikin fiɗa na haihuwa ya zama kyauta a 2009. Amma a zamaninsa ne, a 2010, asirin kamfanin ICC Services ya tonu, masu karɓar ajiya da alkawarin riba mai yawan da hankali ba zai ɗauka ba, inda fiye da biliyan 100 na sefa na talakawa da 'yan kasuwa suka salwanta, har aka sallami ministan cikin gida. Farar rigar ba ta yi shekara biyar ba. Talon ma ya shimfiɗa tituna, ya gyara karɓar haraji, duk wanda ya je Kwatano bayan 2016 ya ga bambanci da idonsa. Amma a farkon 2017, bai cika shekara ba, aka bi bakin titunan manyan garuruwa aka rushe rumfunan masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda da yawansu murna suka yi da ɗan kasuwa ya hau.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da aka yi wa ƙofar da suka shigo ta cikinta. Talon ya yi kamfe da alkawarin wa'adi ɗaya, a 2021 ya sake tsayawa ya ci da kashi 86. Ajabon da ya ɗora shi, a 2018 wata kotu ta musamman ta yanke masa shekara 20 a bayan idonsa kan zargin hodar ibilis, alhali wata kotun ta sallame shi kan wannan magana a 2016, kuma kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha ta ce a 2019 an tauye masa haƙƙi. Jam'iyyun ƙasar da suka haura 200 aka tsaurara musu sharuɗɗa, har a zaɓen majalisa na 2019 biyu kacal aka bari suka shiga, dukkansu masu goyon bayan shugaban ƙasa, waɗanda suka fito jefa ƙuri'a kuwa ba su kai kashi 30 ba. Kuɗin ajiyar ɗan takarar shugaban ƙasa da yake miliyan 15 aka kai shi miliyan 250 a 2018, kafin a sassauta zuwa 50 a 2019. Sannan aka kawo dokar cewa ba ka tsayawa sai 'yan majalisa da magadan gari sun sa maka hannu, mutum 16 a zaɓen 2021, a 2024 aka ƙara zuwa 28. To su waɗannan masu sa hannu 'yan ina ne? 'Yan jam'iyya ne. Wato da Yayi na 2006 ko Talon na 2016 zai dawo a ƙarƙashin wannan doka, sai ya je ya durƙusa wa jam'iyyun da ya zo kayarwa. Abin kamar almara, a watan Oktoba na 2025 hukumar zaɓe ta ƙi karɓar ɗan takarar jam'iyyar Les Démocrates, wadda Yayi Boni da kansa yake jagoranta a lokacin, saboda sa hannu ɗaya ya kasa, ɗaya daga cikin 'yan majalisarsu 28 ya janye nasa.

Mu ma a gida muna da namu. Janar Ibrahim Ba'are Mainasara a matsayin indifanda ya tsaya a watan Yuli na 1996, ana cikin zaɓe aka rushe hukumar zaɓe aka naɗa wata, aka ce ya ci da kashi 52. Bayan shekara ɗaya sai ga RDP Jama'a, domin shi ma ya gane ba a mulki da kwamitocin goyon baya. Haka Yayi ya ƙare da FCBE, Talon da jam'iyyu biyu. A Mali, Amadu Tumani Ture ya hau a 2002 ba jam'iyya, ya jawo kusan kowa cikin gwamnati, aka wayi gari babu mai ƙarfin da zai ce masa ga ɓaraka, har sojoji suka kifar da shi a watan Maris na 2012. Saboda haka wanda ya ce a kawar da jam'iyyu a huta, ya sani cewa za su dawo ne ta bayan gida, kuma wannan karon mutum ɗaya ne zai haife su, shi zai yi musu suna.

Wani zai ce me ya shafi mai sayar da albasa da dokar zaɓe. Ya shafe shi. Sa hannun mutum ɗaya ya rufe iyakokin Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan 26 ga Yuli 2023 gadar Gaya da Malanbil ta shafe fiye da shekara biyu a rufe, kaya da mutane suka koma kwale-kwale, kuma kun fi ni sanin abin da fito ya ƙara wa kowane buhu. Babu wanda shawarar fadar shugaban ƙasa ke isa wa da sauri kamar ɗan kasuwar bakin iyaka.

Don haka duk ranar da aka zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe a Yamai, ni ra'ayina shi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa kada su tsaya a kan a bar jam'iyya ko a hana. Su nemi a bar ƙofar indifanda a buɗe, domin tsoronsa ne kaɗai ke sa dillalan siyasa gyara mudu. In za a nemi sa hannu, a nemi na talakawa masu katin zaɓe daga jihohi dabam-dabam, ba na 'yan majalisa ba. Kuɗin ajiya kada ya kai inda sai mai jirgin kaya a teku ne zai iya biya. A bar mana zagaye na biyu. Sannan kowane ɗan takara, mai tuta da marar tuta, a tilasta masa ya buga sunayen waɗanda suka ba shi kuɗin kamfe tun kafin ranar zaɓe, mu karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Dendi, kowa ya ji. Na san wannan na ƙarshe ba zai yi wa wasu manyan Alhazanmu daɗi ba, tun da an san akwai masu zuba jari a akwati biyu ko uku lokaci ɗaya, duk wanda ya ci suna ciki.

Shi kuma Alhaji mai albasa, in wannan jarida ta iso rumfarsa, ina gayyatarsa ya sake bugowa ranar Alhamis bayan sallar isha'i. Na roƙi shugaban tasha ya yarda in ba shi minti biyar maimakon biyu. Ya zo mana da sunan mutumin da yake ganin zai iya tsayawa da ƙafarsa, sannan ya faɗa mana wanda zai zuba wa motocinsa mai daga Gaya zuwa Gigimi.